Ƙofar Fita da Ƙofar Dawowa

Ranar 20 ga Fabrairun 2019, a garin Durham da ke jihar North Carolina ta Amurka, an yi karon batta a wasan ƙwallon kwando tsakanin Jami'ar Duke da Jami'ar North Carolina, maƙwabtan juna da suka daɗe suna hamayya. Tikitin shiga ya yi tsadar da mafi arharsa a hannun masu sari ya haura dala dubu biyu, kuma cikin 'yan kallo har da tsohon shugaban ƙasa Barack Obama. Akasarin jama'ar sun zo ne don su ga wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Zion Williamson. Ba a cika minti ɗaya da fara wasa ba sai takalminsa na hagu ya yage, ya zame, gwiwarsa ta dama ta gurɗe, ya fita daga fili yana ɗingishi. Abin ya zo da sauƙi, domin bayan 'yan makonni ya dawo, kuma a watan Yuni shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan gasar NBA.

A daren nan kowa ya samu nasa. Jami'a ta samu, gidan talabijin ya samu, kamfanin takalmi yana da yarjejeniyarsa, koci yana da albashinsa na miliyoyin daloli, masu sarin tikiti sun cika aljihu. Mutum ɗaya ne ba shi da albashi, wato wanda aka taru dominsa, wanda kuma gwiwarsa ce jarinsa. Ko da ya so ya shiga NBA kai tsaye daga sakandare, doka ba ta ba shi dama ba, sai ya jira shekara guda. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan maƙala tana tambaya ne a kan wannan shekara ta jira. Shin halal ne a tsare baligi daga neman abincinsa da sunan ana kare shi? Idan kuwa ana son kare shi da gaske, a ina ya kamata a kafa kariyar? Matsayina shi ne, dokar da ta ce tana kare matashi ana auna ta da abin da ta tanadar wa wanda ya faɗi. Idan aka ɗora dokar jira a kan wannan ma'auni, za a ga ta toshe ƙofar fita, alhali ƙofar dawowa ce ke buƙatar a buɗe.

Asalin dokar

A Amurka, jami'o'i ne ke renon 'yan wasan ƙwallon kwando, ƙarƙashin wata hukuma mai suna NCAA. Ɗalibi yana yi wa jami'arsa wasa, ita kuma tana ɗauke masa kuɗin makaranta da abinci da masauki. Daga nan ƙungiyoyin NBA talatin suke zaɓen sababbin 'yan wasa sau ɗaya a shekara, zagaye biyu, mutum sittin a ƙa'ida. A da, dokar NBA ita ce ba za a ɗauki kowa ba sai shekara huɗu ta wuce da kammala sakandarensa.

Wanda ya karya wannan shinge shi ne Spencer Haywood, ɗan wani ƙauye a jihar Mississippi, wanda mahaifiyarsa ke tsinkar auduga a gonakin mutane don ta ciyar da 'ya'yanta. Yana ɗan shekara 19 ya taimaka wa Amurka ta ci lambar zinare a wasannin Olamfik na 1968 a birnin Meziko. A 1969 ya bar Jami'ar Detroit ya shiga gasar ABA, kishiyar NBA a lokacin, sannan a 1970 ƙungiyar Seattle ta NBA ta ɗauke shi. Hukumar gasar ta ce shekarunsa huɗu ba su cika ba. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, kuma a watan Maris na 1971 aka ba shi damar ci gaba da wasa. Daga nan NBA ta ɓullo da sassauci ga wanda ya nuna shaidar talauci, daga baya ma aka daina neman shaidar.

Ta wannan ƙofa manyan taurari suka bi. A 1984 Michael Jordan ya bar Jami'ar North Carolina saura shekara guda ya gama, a shekarar da aka fara ɗaukar Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda shi ma ya bar Jami'ar Houston kafin lokacinsa ya cika. A 1995 Kevin Garnett ya tsallake jami'a gaba ɗaya, Kobe Bryant ya bi sahu a 1996, LeBron James a 2003. Tsakanin 1995 da 2005 an ɗauki matasa kusan arba'in kai tsaye daga sakandare.

A 2005 hukumar NBA, ƙarƙashin shugabanta David Stern, ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa. Aka ce daga zaɓen 2006 ba za a ɗauki kowa ba sai ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen, kuma ɗan Amurka sai shekara guda ta wuce da kammala sakandarensa. Stern ya so a kai ta shekara 20, aka daidaita a 19. Dokar ba ta ce dole a shiga jami'a ba, amma da yake jami'a ce babbar kasuwar baje kolin gwaninta, can mafi yawansu suka nufa. Haka aka haifi tsarin da Amurkawa suka yi wa laƙabi mai ma'anar "shekara ɗaya, shi ke nan". Kevin Durant da Derrick Rose da Anthony Davis duk ta nan suka bi. Sabuwar yarjejeniyar da aka yi a 2023 ba ta taɓa wannan ƙa'ida ba.

Hujjar masu cewa a jira

Zalunci ne a yi wa masu goyon bayan dokar kallon miyagu, domin hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa idon mutane yana kan Garnett da Bryant da James, an manta da waɗanda rijiya ta rufta da su. Korleone Young ya fito daga sakandare a 1998, ƙungiyar Detroit ta ɗauke shi a zagaye na biyu, wasa uku kacal ya yi a NBA. Lenny Cooke, wanda a wani lokaci ake jera sunansa da na LeBron James a tsakanin 'yan sakandare, ya shiga zaɓen 2002 babu ƙungiyar da ta ɗauke shi. Irin waɗannan sun wayi gari babu tsuntsu babu tarko: ba su samu NBA ba, jami'a kuma ta rufe musu ƙofar wasa. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Suna kuma cewa ɗan shekara 18 da kowa ke yi wa kirari tun yana aji ɗaya ba ya iya auna kansa. Dillalai suna kewaye da shi, dangi suna ƙirga kuɗin da ba su zo ba, abokai suna zuga shi. Shekara guda a hannun koci, cikin 'yan wasan da suka girme shi, tana nuna masa iyakarsa tun kafin ya yi cacar da ba a maimaitawa. Suna kawo misalin Tim Duncan, wanda ya yi wa mahaifiyarsa alkawari kafin rasuwarta cewa zai kammala digiri, ya zauna shekara huɗu a Jami'ar Wake Forest, ya fito a 1997, ya ci kofin NBA sau biyar. Haƙurinsa bai rage shi da komai ba.

A ƙarshe suna cewa kowace sana'a tana da sharaɗin shiga. Gasar ƙwallon Amurka ta NFL tana buƙatar shekara uku bayan sakandare. Gasar mata ta WNBA tana buƙatar 'yar Amurka ta cika shekara 22 a shekarar zaɓe ko ta kammala digiri. Mai ɗaukar ma'aikata yana da ikon ya ce ga irin wanda yake so. Don me NBA za ta zama daban?

Ni da na kammala digirin farko kwanan nan, zuciyata tana karkata ga wannan ɓangare kafin hankalina ya sa baki. Na san abin da shekara huɗu a jami'a ta yi mini, kuma ba na son a rage wa kowa ita. Amma son abu daban, tilasta shi daban.

Wa ya kafa dokar, wa ya ci ribarta?

A al'adarmu, idan aka ba mutum riƙon maraya, akwai abu biyu da ake dubawa. Na farko, kada mai riƙo ya ci dukiyar da aka ba shi amana. Na biyu, da zarar yaro ya mallaki hankalinsa a miƙa masa abinsa. Duk mai riƙon da yake jinkirta miƙa dukiya alhali yana juya ta yana cin riba, jama'a suna da hujjar zarginsa, komai daɗin bakinsa. Bari mu ɗora dokar jira a kan wannan sikeli.

Ɓangare biyu suka sa hannu a yarjejeniyar 2005: masu ƙungiyoyi da 'yan wasan da suka riga suka shiga gasar. Masu ƙungiyoyi sun gaji da kashe miliyoyi a kan yaran da ba a gwada su ba, bayan irin abin da ya faru da Kwame Brown, wanda Washington ta fara ɗauka a 2001 bai kai inda aka zata ba. Shekara guda a jami'a tana ba su damar su ga kaya a rana kafin su saya, kuma yaron yana zuwa da sunan da talabijin ta riga ta tallata kyauta. Tsofaffin 'yan wasa kuwa, duk yaron da aka tsare a waje kujerar ɗaya daga cikinsu ce ta tsira na shekara guda. Wanda dokar ta shafa, wato ɗan sakandare, ba shi da wakili a teburin. Kotu ma ba ta zama mafaka ba. A 2004 wani ɗan wasa mai suna Maurice Clarett ya ƙalubalanci irin wannan doka a NFL, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙa'idar da ta fito daga cinikin ƙwadago tana da kariya daga dokar hana babakere, ko da ta cutar da wanda bai shiga ƙungiyar ƙwadagon ba tukuna.

Akwai ɓangare na uku da bai sa hannu ba amma ya ci moriya. A 2010 NCAA ta sayar wa gidajen talabijin na CBS da Turner damar nuna gasarta ta watan Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 aka ƙara shekara takwas a kan dala biliyan 8.8. A lokacin da aka ƙulla waɗannan yarjejeniyoyi doka ta haramta wa ɗan wasa ya karɓi albashi, ko ya yi talla da sunansa, ko ya sayar da sa hannunsa. Kalmar nan ma ta "ɗalibi ɗan wasa" tana da tarihi. Walter Byers, shugaban zartarwar NCAA na farko, ya bayyana a littafinsa na 1995 cewa an yayata ta ne a shekarun 1950 don kada kotuna su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikatan da suka cancanci diyya idan suka ji rauni.

Ba ina cewa duk wanda ya goyi bayan dokar yana da mugun nufi ba ne. Ina cewa idan mai kafa doka shi ne mai cin ribarta, wanda ta hau kansa kuma shi ne mai ɗaukar asararta, nauyin kawo hujja yana kan mai kafawa. Asarar kuwa ba ta zato ba ce. Rayuwar ɗan wasa gajeriya ce, da yawa ba sa wuce 'yan shekaru a gasar, kuma babban kwantiragi ba ya zuwa sai bayan na farko ya ƙare, saboda haka shekarar da aka cire a farko, daga mafi tsadar shekarunsa aka cire ta. Ga kuma haɗarin rauni. A watan Fabrairun 2013 Nerlens Noel na Jami'ar Kentucky, wanda ake hasashen shi za a fara ɗauka, ya tsinka jijiyar gwiwa yana yi wa jami'arsa wasa, aka ɗauke shi na shida. Jami'ar ba ta mayar da ko kwabo daga abin da ta samu ba, NBA ba ta yi asarar komai ba. Shi kaɗai ya biya.

Karatun wata bakwai

Wani zai ce ko da niyyar ba ta da tsarki, ai yaron ya ɗanɗana ilimi, kuma ilimi gishirin zaman duniya ne. A nan ne dokar ta fi ba ni takaici, domin ilimin ne ta fi wulaƙantawa.

Ɗan wasan da ya san shekara guda zai yi yana isa jami'a a ƙarshen watan Agusta. Abin da ake buƙata don ya ci gaba da wasa shi ne ya ci 'yan kwasa-kwasai a zangon farko. Gasa tana ƙarewa a watan Maris ko farkon Afrilu, daga nan hankalinsa ya koma kan atisaye da gwajin ƙungiyoyi. Ben Simmons, wanda ya yi shekara guda a Jami'ar Jihar Louisiana kafin a fara ɗaukarsa a 2016, ya faɗa a fili cewa zamansa a aji ba shi da ma'ana, tun da kowa ya san inda ya dosa. A 2010 'yan wasan Kentucky biyar aka ɗauka a zagayen farko, huɗu daga cikinsu 'yan ajin farko ne. Koci John Calipari bai ɓoye cewa a kan wannan tsari ya gina ƙungiyarsa ba, kuma ya ci kofi da shi a 2012.

Idan aka tilasta wa wanda ba ya son aji ya zauna a aji, sai jami'a ta fara koyon ƙarya. An soke nasarori 38 da Jami'ar Memphis ta samu a kakar 2007 zuwa 2008 bayan an soke sakamakon jarrabawar shiga ta ɗaya daga cikin 'yan wasanta. A 2014 wani bincike ya gano cewa tsawon shekara 18 ɗalibai fiye da dubu uku a Jami'ar North Carolina, kusan rabinsu 'yan wasa, sun yi kwasa-kwasan da babu zaman aji a cikinsu, sai takarda guda da ake ba maki mai tsoka. Wannan abin kunya ya girmi dokar 2005, amma yana nuna irin ƙasar da aka shuka ta a ciki. A 2017 kuma hukumar FBI ta bankaɗo yadda ake bin ta ƙarƙashin ƙasa da kuɗi tsakanin ma'aikatan kamfanin takalmi da dillalai da mataimakan kociyoyi don a ja yara zuwa wasu jami'o'i. Yaron da darajarsa ta kai miliyoyi aka ce kada ya karɓi komai, kuɗin ba su ɓace ba, sun sauya hanya ne kawai. Kwamitin da NCAA ta kafa bayan haka, ƙarƙashin Condoleezza Rice, ya ba da shawara a watan Afrilun 2018 cewa a kawo ƙarshen dokar jira.

Sai mu dubi ɗaya gefen. Jordan ya koma ya karɓi digirinsa a 1986. Shaquille O'Neal ya bar jami'a a 1992 ya kammala a 2000. Stephen Curry ya bar Kwalejin Davidson a 2009 ya kammala a 2022, yana da kofuna da dukiyar da ba ya buƙatar takardar kowa. Babu dokar da ta kora su zuwa aji, ƙafarsu ce ta kai su. Na tabbata karatun da Curry ya yi yana ɗan shekara 34 da son ransa ya fi albarka a kan wata bakwai da aka ɗora wa wani a ka. Digiri yana jiran mutum har tsufa, gwiwa kuwa ba ta jira.

'Yanci da riƙo

Masanin falsafar nan ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya kafa wata ƙa'ida a 1859: ba a tauye baligi mai hankali don amfanin kansa, sai dai don a hana shi cutar da wani. Ana iya yi masa nasiha, a ja kunnensa, a roƙe shi, amma hukuncin nasa ne. Ba lallai ne mutum ya yarda da Mill a komai ba. Mu da muka tashi a inda maganar iyaye take da nauyi mun san cewa 'yanci ba tare da jagora ba yakan zama sakaci. Amma ko a wurinmu akwai bambanci tsakanin uban da ya hana ɗansa tafiya don yana tsoron abin da zai same shi, da ubangidan da ya hana yaronsa 'yanci don yana jin daɗin aikinsa. Na farko yana shan wahala tare da ɗan, na biyu yana ƙaruwa da zamansa.

Amurka kanta ta yanke hukunci a kan ɗan shekara 18. Yana jefa ƙuri'a, yana shiga soja, yana sa hannu a kan bashin da zai yi shekaru yana biya, kotu tana hukunta shi a matsayin babba. Yana iya zama ƙwararren ɗan wasan tanis ko ƙwallon ƙafa ko mawaƙi. A wasan besbol yana iya sa hannu da ƙungiya da zarar ya gama sakandare. Ɗan Turai kuwa yakan fara karɓar albashi a ƙungiyar ƙwallon kwando tun bai kai 18 ba: Luka Doncic yana ɗan shekara 16 ya fara yi wa babbar ƙungiyar Real Madrid wasa. Idan rashin hankali ne dalili, me ya sa ya tsaya a kan wannan rukuni kaɗai? Ba za a kuma kauce wa lura da cewa mafi yawan waɗanda dokar ta tsare baƙaƙen fata ne, da dama daga gidajen da shekara guda ta jira take nufin shekara guda ta bashin haya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa ganin mahaifiyarsa tana aiki biyu a rana ba yana da sauƙin cewa a yi haƙuri.

Hujjar Korleone Young da Lenny Cooke ita ce mafi ƙarfi, don haka ta cancanci amsa kai tsaye. Me ya karya su? Sun yi kuskuren auna kansu, gaskiya ne. Amma kowane matashi yana kuskure. Abin da ya mayar da nasu kuskuren ya zama na har abada shi ne dokar NCAA, wadda shekara da shekaru take cewa duk wanda ya ɗauki dillali ko ya bar sunansa a cikin zaɓe ya rasa damar yi wa jami'a wasa, da tallafin karatun da ke tare da ita, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Rijiyar da ake tsoron su faɗa mutane ne suka haƙa ta. Maimakon a cike ta, sai aka ɗaure ƙafar kowa na shekara guda. Ɗaurin ma bai hana faɗawa ba, domin kowace shekara akan samu masu barin jami'a da wuri da babu ƙungiyar da ta ɗauke su, sai dai yanzu suna faɗawa suna da shekara 19 ko 20.

Da kiɗa ya sauya

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya zama kamar gwaji. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu a kan hukuncin da ya saɓa wa NCAA a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su samu kuɗi da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 wata alƙaliya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20 a shekara, da biyan kusan dala biliyan 2.8 ga waɗanda aka hana a baya.

Sai ga shi yawan masu barin jami'a da wuri ya ragu ƙwarai, ba tare da an ƙara ko kwana ɗaya a dokar jira ba. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango, ya koma Kentucky a 2022 bayan an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Ƙungiyar Ignite da NBA ta kafa a 2020 don biyan matasan da ba sa son jami'a ta rufe a 2024, domin 'yan wasan jami'a sun fara samun kuɗi. A da, masu gudun tsarin sai su yi ƙaura, kamar Brandon Jennings da ya tafi Italiya a 2008 da Emmanuel Mudiay da ya tafi Sin a 2014. Darasin a bayyane yake. Da yawan yaran nan ba karatu suke gudu ba, aikin da babu lada suke gudu. Da aka rage zaluncin sai suka zauna da kansu. Sabon tsarin yana da nasa rikicin, na yawan sauya makaranta da cinikin 'yan wasa kamar a kara, amma ya nuna cewa adalci ya fi kwaɗo iya tsare mutum.

Ƙofar dawowa

To mene ne mafita? Wasu suna son a kwaikwayi besbol: yaro ya tafi daga sakandare in ya so, amma in ya shiga jami'a sai ya yi shekara uku. Wannan ya fi tsarin yanzu gaskiya, sai dai yana hukunta wanda gwanintarsa ta bayyana a makare, kuma yana tura mai shakka ya yi caca tun yana 18 don gudun ɗaurin shekara uku.

Abin da nake gani ya fi dacewa abu uku ne. A buɗe ƙofar fita ga duk wanda ya cika shekara 18, tare da ba shi ƙiyasi na gaskiya daga ƙungiyoyin kansu game da matsayinsa, kafin ya yanke shawara. A bar wanda ba a ɗauka ba, ko aka ɗauka bai sa hannu ba, ya koma jami'arsa ya ci gaba da wasa. Wannan ba baƙon abu ba ne: Boston ta zaɓi Larry Bird a 1978, ya koma Jami'ar Jihar Indiana ya ƙara shekara guda, kuma a wasan hoki na ƙanƙara ana zaɓen yaro ya ci gaba da zamansa a jami'a har ya shirya. Na uku, tallafin karatu ya zama bashi a wuyan jami'a, wanda ɗan wasa zai iya zuwa ya karɓa ko bayan shekara ashirin. A 2018 NCAA ta ɗauki rabin wannan mataki, ta wajabta wa manyan jami'o'i biyan kuɗin karatun tsohon ɗan wasan da ya dawo, amma da sharaɗin ya yi shekara biyu kafin ya tafi kuma bai wuce shekara goma da tafiya ba. Wanda ya yi shekara ɗaya, wato ainihin ɗan da dokar jira ta haifa, yana waje.

Wannan tsari yana da tsada, kuma a nan ne amfaninsa yake. Yana ɗauke nauyi daga kan yaro ya mayar da shi kan waɗanda suka ci moriyarsa. Koci zai sha wahalar tsara ƙungiyarsa bai san wa zai dawo ba, NBA za ta koma yin kasada da kuɗinta, jami'a za ta biya wa mutumin da ya daina cika mata fili. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kammalawa

Zion Williamson ya tashi daga faɗuwarsa, kuma irinsa ba sa buƙatar tausayin kowa. Dokar jira ta jinkirta su, ba ta hana su ba. Wanda ya kamata mu tuna shi ne saurayin da ya zauna gaban talabijin da danginsa a daren zaɓe, aka kira suna na sittin ba a kira nasa ba. Washegari zai tashi yana da shekara 19, da tsawo, da gwaninta, babu kwantiragi. Jami'ar da ya cika wa fili bara tana nan, ajin da bai gama ba yana nan. Duk wanda ya ce yana ƙaunar yaron nan, a wannan safiya ake gane shi, idan ya ƙwanƙwasa ƙofar aka buɗe masa.